Wa Ya Kwantar da Ummi a Rumfar Kwanduna?

Tun da ciwon gwiwa ya raba ni da gumin shinkafa, ba ni da aikin da ya wuce zama a bakin ƙofar ɗaki ina sauraron gari. Abin da na lura da shi shi ne garinmu ya daina hayaniyar yara. Akwai ƙarar injin casa, akwai ta babura, akwai rediyo a kowane gida, amma ihun nan da ke tashi daga bakin kanal tun hantsi har rana ta yi sanyi, babu shi. Jikokina a tsakar gida suke wuni, ƙofa da sakata. In za su Islamiyya sai babba ya raka su, ya kuma koma ya ɗauko su. Uwarsu takan ce ai zamani ne, kullum sai an ji an ɗauke wani an nemi kuɗin fansa. Gaskiyarta. Sai dai mu a nan ba rediyo ce ta koya mana rufe ƙofa ba. Mun riga maƙwabtanmu koyo, tun maganar garkuwa da mutane ba ta shigo bakin kowa ba, kuma a kan Ummi muka koya.

A wancan lokacin da sauran ƙuruciyata, ina iya ɗaga rabin buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ni kaɗai in juye a durom. Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babban kanal, duk rayuwarmu a kan ruwan nan take. Ranar da aka sako ruwa, tun kafin ka gan shi za ka ji shi, yana turo ganye da kara a gabansa, yara suna binsa a guje a kan gaɓa. Maza su fita da tiyo da fartanya, mu mata mu hura wuta a ƙarƙashin durom. Gumi aiki ne mai cin jiki. Ki jiƙa shinkafa ta kwana, ki turara ta har ɓawonta ya tsage, ki shanya kina juyawa da ƙafa, kaji suna binki, hayaƙi yana cin idonki. Amma ba mu san muna wahala ba. In shinkafa ta fara nuna, yara ake turawa korar tsuntsayen jan-baki, su ɗaura gwangwanaye a igiya suna kaɗawa, ƙarar tana zuwa har tsakar gida. Da rani kuma tumatir ne. Gari ya cika da 'yan ci-rani masu tsinka da masu lodi, manyan motoci su yi layi a bakin titi za su Kudu, warin ruɓaɓɓen tumatir ya kama ko'ina. Yaro ya fita da safe, ya ci abinci a gidan da yunwa ta same shi, wadda ta ga ya yi laifi ta make shi ba tare da ta tambayi ɗan wane ne ba. Surukata, Allah ya jiƙanta, abu ɗaya take tsoro. Takan ce, "Ruwan nan baƙo ne, da girmana aka kawo shi. Ku riƙa ja wa yara kunne a kansa." Ruwa muke tsoro. Ba wanda ya taɓa ce mana mu ji tsoron mutum.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Hajara, gajeriya, a kanta muke miƙa wa juna garwashi da gishiri. Na girme ta, Yaya take ce mini. Daga wajen Dawakin Kudu aka kawo ta, mace mai sanyi, ba ta da yawan magana, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Mijinta Alhaji Sabi'u dillalin tumatir ne, yana da gona a bakin kanal da wata tsohuwar akori-kura da ake kai kwanduna bakin titi da ita. Mutum ne mai faɗa da riƙon hannu, amma ba mugu ba, iyakar sanina. Ƙanensa Garzali, saurayi, a ɗakin zaure yake kwana. Shi ke tuƙa motar in Alhaji ya ga dama, in ransa ya ɓaci ya ƙwace makullin a gaban mutane. Ummi ce 'yarsu ta fari. Sunan mahaifiyar Alhaji ta ci, shi ya sa ba a faɗin sunanta na yanka a gidan. Kowa Ummi yake cewa, shi kuwa uban, Dattijuwa yake kiranta. Ba ta kai shekara bakwai ba, haƙoranta na gaba sun zube, ga surutu. Takan hau turmi ta leƙo ta katanga ta ce, "Inna, yau ma kin ƙona shinkafarki, na ji ƙauri." Ita Hajara, da yake 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce "yarinyar nan", kamar yadda aka tarbiyyantar da mu duka.

A shekarun ne wayar hannu ta fara shigowa. Alhaji yana cikin na farkon da suka saya a garin, saboda cinikinsa da mutanen Kudu. Sabis ba ya kamawa a cikin gari, sai mutum ya hau gadar kanal, don haka kullum bayan la'asar a kan gadar ake samunsa, yana ɗaga murya yana tambayar yadda kasuwa ta tashi.

Ana tsakiyar kakar tumatir abin ya faru. Bayan azahar Ummi ta sa hijabinta, ta rataya jakarta ta fita za ta Islamiyya, wadda har karatun ɗalibanta muke jiyowa daga gida. Haka Hajara ta faɗa. Ba wanda ya ga yarinyar a hanya, don lokacin zafi ne, kowa yana gona ko yana ɗaki. Ba ta isa makaranta ba, malamin kuma bai damu ba, tunda a kakar tumatir yara kan yi fashi. Ba wanda ya san ta ɓata sai da Alhaji ya faɗo gida a guje. Ina kwashe shanya na ji muryarsa ta katanga.

"Hajara! Ina Dattijuwa?"

"Tana makaranta, Alhaji. Lafiya?"

"Ba ta makaranta. Daga can nake. Yaushe ta fita?"

"Tun bayan azahar."

Na ji ya yi salati. Na zagaya ko mayafi ban gyara ba. Na same shi zaune a ƙasa, wayar a hannunsa. Ya ce yana kan gada aka kira shi da lambar da ba ta fito ba. Muryar namiji ce, kamar ya toshe baki da wani abu, amma Hausarsa tas. Abin da ya ce kawai, "Dattijuwarka tana hannunmu. Ka tanadi kuɗi, kada ka gaya wa kowa, za mu sake kira." Ya kashe.

Mu ba mu ma fahimci maganar ba. Sata mun san ta, a sace akuya, a sace injin ban-ruwa. Amma a ɗauki yaro a ce a kawo kuɗi, sai da aka maimaita wa maigidana kafin ya gane. Ya ce, "Su sayar masa da 'yarsa ke nan?" Duk da kiran, maza ruwa suka fara nufa, don shi muka sani. Aka roƙi masu kula da ƙofar ruwa suka rufe, aka bi kanal da gora ana lalube, aka shiga ƙarƙashin kowane kwalbati. Aka duba gonaki, da rumfuna, da tsibin ɓuntun da ke bayan injin casa. Aka yi cigiya a masallatai har Kura. Malamai suka zauna sauka. Shi kuwa Alhaji ya koma kan gada ya tsaya, wayar a tafin hannunsa, rana ta fito a kansa ta faɗi a kansa, yana jiran kiran da aka yi masa alkawari. Ba a sake kira ba. Ni ina wajen Hajara a kwanakin nan. Ba ta yi kuka ba. Takan share tsakar gida, ta zauna, ta tashi ta sake sharewa. In mata sun shigo jaje ta ce, "Allah ya bayyana ta," kamar 'yar wani ake nema.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, wani dattijo ɗan ci-rani mai suna Mamman, wanda duk shekara yake zuwa yi wa Alhaji tsinka, ya shiga rumfar da ke gonar Alhaji zai ɗauko kwanduna. A bayan kwandunan ya gan ta. An shimfiɗa buhu an kwantar da ita a kai, a gefenta na dama, fuskarta tana kallon gabas. An rufe mata ido, an lulluɓe ta da hijabinta, takalmanta a jere a gefe. Wannan rumfar kuwa an duba ta tun ranar farko. Maigidana yana cikin waɗanda suka duba, har ya rasu yana rantsuwa cewa da hannunsa ya ɗaga kwandunan, babu komai a bayansu.

Surukata ce ta yi mata wanka, ni ina zuba ruwa. Ban taɓa faɗin abin da na gani a bainar mutane ba, amma yanzu waɗanda zai dama sun kusa ƙarewa. Rauni ɗaya ne a jikinta, a ƙeya, kuma an riga an goge shi, babu jini ko a gashinta. Ba a cire komai daga jikinta ba, ba a taɓa mutuncinta ba, ba kuma ruwa ne ya ci ta ba. Tafin ƙafarta fes, kamar ba ta taka ƙasa ba. Surukata ta tsaya da hannu, ta dube ni, ta ce a hankali, "Wanda ya kwantar da yarinyar nan ya san ta. Ki riƙe bakinki." Na riƙe. Amma mutanen da suka ruga rumfar sun riga sun ga yadda aka kwantar da ita, ba sai na faɗa ba.

'Yan sanda sun zo, suka ce a ba su gawar su kai asibiti a birni a bincika. Alhaji ya tare ƙofa ya ce, "Ba za a yanka mini uwa ba. Abin da aka yi mata ya isa." Dattawa suka goya masa baya. Kafin azahar an kai ta.

Daga ranar garinmu ya shiga maganar da har yau bai fita daga cikinta ba.

Da farko kowa baƙi ya zarga, don shi ya fi sauƙi a zuciya. Tun kafin a dawo daga maƙabarta samari suka rufe Mamman da duka, wai ta yaya shi kaɗai ya san inda take. Da ƙyar liman ya ƙwace shi. Aka tafi da shi da wasu masu lodi, aka tsare su, aka bincika, ba a same su da komai ba. Mamman ko riƙe waya bai iya ba. Da aka sake shi kunnensa ɗaya ya daina ji saboda dukan samarin nan. Ya zo ya yi wa Alhaji ta'aziyya, ya ɗauki ƙunshin kayansa, ba mu sake ganinsa ba. Duk da haka akwai waɗanda har gobe baƙi suke cewa, maigidana ma yana cikinsu har ya rasu. Hujjarsu ita ce Alhaji yakan ɗora yarinyar a kan tankin babur ya je da ita inda ake lodi, yana Dattijuwa kaza, Dattijuwa kaza, a kunnen direbobi da kowa. Lambarsa kuwa da fenti aka rubuta ta a ƙofar motarsa. A cewarsu, wani ya ga Alhaji da kuɗi, ya ɗauki yarinya, ta yi ƙoƙarin ƙwacewa ta faɗi a kan dutse, tsoro ya kama shi. In aka ce masa, "To Malam, baƙon da ya kashe rai ai gudu zai yi, ko ya jefa ta a kanal. Me zai dawo da shi rumfar da aka riga aka duba, har ya tsaya juya ta gabas?" sai ya ce, "Ɓarawo ma ai yana da uwa, ya ga yadda ake kwantar da mamaci."

Da ƙura ta lafa, sai ido ya koma cikin gidan. Garzali aka fara kallo. Wata mata ta ce ta gan shi yana wanke motar a bakin kanal a yammacin da yarinyar ta ɓata. Daga nan magana ta rabu. Wasu suka ce baya ya yi da mota a lungu bai gan ta ba, ya ɗauke ta ya ɓoye, sannan ya yi kiran don a juyar da hankali ga baƙi. Wasu suka ce a'a, da gangan ya ɗauke ta, ba don ya cuce ta ba, don ya tatsi wansa da ke wulaƙanta shi a kan makulli, sai ƙaddara ta riga shi. Suka ce yarinya ba za ta bi baƙo da rana tsaka ba tare da ta yi ihu ba, amma in Baba Garzali ne ya ce ta hau, da gudu za ta hau. Sun kuma tuna ya suma a bakin kabari, suka ce kawu ba ya suma haka kawai. To amma mutane da dama sun rantse yana bakin titi ana lodi tun azahar har la'asar. Aka ce ai abokansa ne. Wankin mota kuwa, kusan kullum yana yi, don ruwan tumatir yana cin ƙarfe. Aka ce to me ya sa ranar ya daɗe?

Akwai kuma masu cewa Alhaji ne da kansa, ko dai ya san wanda ya yi. Waɗannan a majalisar maza suka fi yawa, musamman waɗanda ya taɓa yi wa tsawa a kan kwando. Suka ce wa ya ji kiran in ba shi ba? 'Yan sanda sun duba wayar sun ga lallai an kira, amma ai ana iya sa wani ya kira. Suka ce me ya sa ya hana a kai ta asibiti, in ba yana tsoron abin da za a gani ba? Me ya sa a rumfarsa? Masu kare shi suka ce wane uba ne a cikinmu zai yarda a yanka 'yarsa? Kuma in shi ya ƙirƙiri maganar, me zai sa ya saka Dattijuwa a ciki, sunan da zai nuna ƙofar gidansa? Sai a ce ai wayon ke nan. Kowace hujja aka kawo, haka ake juya ta, ta yi wa wannan aiki da safe, ta yi wa wancan da yamma.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta mata. A wajen gumi, a gidan suna, a bakin rijiya, da murya ƙasa-ƙasa. Suka ce wa ya ga yarinyar ta fita daga gida? Hajara kaɗai ta faɗa. Ƙila ta yi mata rashin ji ta kai mata muciya, ko ta ture ta ta faɗa kan turmi, mijin ya dawo ya rufa mata asiri. Ga ƙafa fes, ga rauni a goge, wannan ai hannun mace ne. Ga shi ko hawaye ba ta yi ba. Matan nan kuwa da suke faɗin haka, kowaccensu in 'yarta ta fari ce, haka za ta daure a gaban surukai, sun sani. Ni suke tarewa da tambaya.

"Ke da katanga ɗaya ta raba ku, ba ki ji komai ba?"

"Ban ji ba."

"Ko faɗuwar wani abu? Ko kukan yaro?"

"Na ce ban ji ba. Wuta nake hurawa."

Sai su kalli juna su ce, "Ai dama ba za ki faɗa ba." Gaskiya na faɗa musu, ban ji komai ba. Amma mai hura wuta a ƙarƙashin durom ba kome take ji ba, wannan ma gaskiya ne, kuma na kwana da shi na tashi da shi shekaru masu yawa.

Haka aka yi ta yi har maganar ta mutu a hannun hukuma, ba a kama kowa ba. Abin da ya rage shi ne abin da ta yi wa garin. Aka daina bari 'yan ci-rani su kwana a zaure, sai dai su yi bukka a gona. Aka daina aiken ƙananan yara. Garzali ya bi motar tumatir Kudu, tun yana aiko da gaisuwa har ya daina, daga baya muka ji ya rasu a can. Masu zarginsa suka ce gudu ya yi, masu tausayinsa suka ce bakin mutane ne ya kore shi. Alhaji ya kawo magina suka ɗaga katangar gidansa da bulo ta kowane gefe, har da wadda ke tsakanina da Hajara. Ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa a biki da mutuwa, in ba ta da lafiya in leƙa, in na haihu ta zo. Amma zancen bai ƙara wuce gaisuwa ba. Ta haifi wasu yaran, suka tashi a cikin katangar nan kamar kaji a akurki. Alhaji ya rage faɗa, ya rage ciniki, ya zama mutum mai yawan zama a masallaci. Wannan ma an fassara shi gida biyu, wasu suka ce baƙin ciki, wasu suka ce tuba.

Yanzu an kafa ƙarfen sabis a bayan gari, waya har a hannun masu tallar awara. Ciyawar kacala ta cinye rabin ƙananan kanal, gumi ya koma hannun masu manyan injina. Amma duk lokacin da aka ji an sace wani a wani gari, sai an tono Ummi. Na ji yarinyar da ba a ma haife ta ba a lokacin tana faɗi da ƙarfin gwiwa cewa ai kowa ya san uban ne. Na ji wani ya ce kawun ne, wai har ya amsa kafin ya mutu, alhali ba wanda ya je inda ya mutu. Da ina musu. Yanzu na gaji, sai in ce Allah ya sani, in ja carbina.

Alhaji ya yi doguwar jinya kafin ya rasu, ciwon ƙoda, Hajara ce ta yi ta fama da shi. Bayan ta fita takaba, wata ranar da yamma, sai ga ta ta yi sallama a gidana. Ta tsufa, ta rame, ta zauna a gefen tabarmata muka gaisa. Na ɗauka godiyar zaman makoki ta zo yi. Har na fara tunanin ko in sa a kawo mata fura. Sai ta ce, "Yaya, na zo in gaya miki wata magana, don in ban faɗa wa wani ba za ta kashe ni."

Na sallami jikokina suka shiga ɗaki.

Ta ce, "Kin san abin da ake faɗi a kaina, da abin da ake faɗi a kan Alhaji."

Na ce, "Bakin mutane ne, Hajara."

"Ba bakin mutane kaɗai ba ne. Ni ma na zarge shi. Tun ranar da ya hana a kai ta asibiti na sa a raina ko shi ne, ko ya san Garzali ne ya rufa masa asiri. Ban taɓa tambayarsa ba. Ina tsoron in tambaya ya ce e, in rasa inda zan sa kaina da sauran yaran. Na dafa masa, na wanke masa, na haifa masa, kullum ina kallon hannunsa. Da ciwo ya kwantar da shi na ce to yanzu zai faɗa, mutum ba ya tafiya da irin wannan. Ko bayan gida zan shiga sai in yi sauri, kada ya faɗa ba na nan."

"Ya faɗa?"

"Ana gobe zai rasu, da rana, ya ce yara su fita. Ya kama hannuna. Na ce a raina ga ta nan. Sai ya ce, 'Hajara, tafiya zan yi. Na yafe miki tun tuni, wallahi na yafe. Amma ki gaya mini in sani. Ke ce?'"

Ta tsaya tana murza gefen tabarma.

Ta ce, "Ya ce don ni ya tare ƙofa ranar nan. Yana tsoron likita ya ga abin da zai sa a tafi da ni. Don ni ya ɗaga katanga, kada mata su riƙa leƙo ni. Na ce masa, 'Alhaji, tambayar da na zauna jiran in yi maka ke nan.' Ya dube ni, ya dube ni. Sai ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa."

Na ce, "To ai kin samu sauƙi, Hajara. Kin san ba shi ba ne."

Ta ce, "Na san ba shi ba ne, ya san ba ni ba ce, kwana ɗaya muka yi da sanin. Wanda ya yi kuwa yana inda yake, ko a ƙasa ko a sama, ban san fuskarsa ba. Ƙila na gaishe shi, ƙila ya ci tuwona a sadakar bakwai." Ta ja numfashi. "Ba wannan ne ke hana ni barci ba yanzu, Yaya. Mutumin nan ya zauna da ni duk shekarun nan yana zaton ni na kashe masa 'ya, bai taɓa ɗaga mini murya a kai ba. In ya dawo daga kasuwa sai ya riƙo mini tsire. Ni kuwa in karɓa, in jira ya fita, in ba yara, don ba na iya cin abin da ya fito daga hannunsa."

Aka kira sallar magariba muna zaune. Na sa aka kawo mata buta, muka yi salla a tabarma ɗaya, ni a zaune saboda gwiwa. Da muka idar ta daɗe tana addu'a. Na ji ta ambaci 'yarta, ta ambaci Garzali, ta ambaci Mamman mai tsinka. Da ta zo kan mijinta muryarta ta tsaya, ta yi ta ƙoƙari ta kasa. Sai na ɗaga hannuna na ƙarasa mata, ita tana cewa amin.